Neman tsakar kurmi a ƙasar Tonawa

Abin da aka sani a gida shi ne na tafi Kumasi bikin 'yar kawuna. Inna ce ya kamata ta je, ciwon gwiwa ya hana ta, ta ce tunda ina hutun makaranta in wakilce ta. A Kumasi aka haife ta. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, kakana ya tattara abin da zai iya ɗauka ya komo Zariya da ita tana ƙarama, wanta kuwa ya zauna wurin tasa uwar, da yake ita 'yar can ce. Wannan wan nata shi ne kawun da zan je wurinsa, mutumin da ban taɓa gani ba sai a waya.

Akwai kuma wata buƙata tawa da ban faɗa wa Inna ba. Ilmin halittu nake koyarwa a sakandare, kuma shekaru ke nan da wani abokin karatuna ya nuna mini hoton wata tsaka mai faffaɗan zane a gadon baya, ya ce ba a bango take zama ba, a jikin manyan itatuwan kurmi take, kuma akwai ta a ƙasar Asante, wato ƙasar Tonawa, inda Kumasi take. Na rubuta wa ɗan kawun nawa, wanda taubashina ne, cewa in an gama biki ina so ya raka ni neman tsakar kurmi. Ya amsa da cewa ai tsakar kurmi ba a nemanta, kutsawa ake yi har a kai. Sai da na tura masa hoton sannan ya gane ba tsakiyar daji nake nufi ba. Tun daga ranar sunana a bakinsa ya zama Malam Tsaka.

Na bar Zariya cikin watan Agusta ana tsuga ruwa. Daga nan zuwa Legas kwana ne a zaune da ciwon baya, ba abin ba da labari. A Mile 2 na shiga motar da ke bin gaɓar teku, mu bakwai, fasfon ECOWAS da katin allurar shawara suna aljihun gaba. Iyaka uku ake tsallakewa kafin Akra: Seme, sai ta Benin da Togo, sai Aflao da ke manne da Lome. A ɗaya daga cikinsu wani jami'i ya juya fasfona ya ga ba a taɓa buga masa hatimi ba, ya ce sabon fasfo kuɗinsa daban. Na ce a wace takarda aka rubuta haka? Bai ko ɗago kai ba, ya tura fasfon gefe ya kira na bayana. Wata Hajiya mai fataucin atamfa da muke mota ɗaya ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, in ka biye wa gaskiyarka a nan za mu kwana." Sefa 2,000 ta raba mu. Har muka wuce shinge biyu na gaba ina cin rai, ita kuwa tana ta ɓare gyaɗarta.

Abin da ya mantar da ni haushin shi ne ƙasar da muka shiga. Ni a zatona daga Legas har Kumasi kurmi ne baƙi ƙirin, tunda duk kudu ne, duk bakin teku ne. Ina! Bayan mun haye kogin Volta a gadar Sogakope sai ga fili fetal, ciyawa gajeriya, suri nan da can, dogon yaro, giginya, har da kuka. Kuka a kusa da teku! Na leƙa ta taga na ce wa kaina, wannan ai hanyar Funtuwa ce. Ga shi a tsakiyar Agusta, lokacin da a Zariya ba ka shanya ta bushe, amma nan ƙura ce ke bin mota. Na san da wannan fili a takarda, har na sha zana shi a allo: ratar Dahomey, inda dajin ciyawa ya keto daga arewa har bakin ruwa ta kudancin Benin da Togo da gabashin Gana, ya raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu. Iskar damina a nan gefen gaɓa take bi maimakon ta hau tudu ta zubar da ruwa, sannan tekun wurin kan yi sanyi a watannin nan, hadari ba ya haɗuwa sosai. Shi ya sa ruwan da Akra ke samu a shekara bai kai milimita 900 ba, alhali Kumasi na samun wajen 1,400. Sanin abu a allo daban, ka zauna awa biyu kana ratsa shi da gumi a wuya daban.

Na kwana a Nima, wata unguwa a Akra, wurin wani aminin Kawu. Agogon wayata ya koma baya da awa ɗaya, na tashi asuba tun ladan bai farka ba. A Nima ba ka bukatar Turanci. Hausa ce a masallaci, a bakin mai shayi, a wurin mai canjin kuɗi, sai dai Hausar ta sha ruwan wata rijiya. Akra a bakinsu Ankara ce. Mace da namiji duk "ya" ne: maigidan ya ce mini "matana ya tafi kasuwa", na yi ta kallon ƙofa ina jiran in ji gyara. Da safe aka kawo koko mai yajin citta da kanumfari, da ƙosai, da wani abu da suke kira pinkaso, na gutsura na ji ashe funkasonmu ne ya canja suna. Da hantsi kuma waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, an zuba a ganye, ga taliya, ga gari, ga dafaffen ƙwai, ga baƙin yajin nan shito. Sidi 30 na biya. Duk Gana na cin abincin nan, kuma sunansa daga "wake" ya fito.

Motar Kumasi ta ci sidi 150, tafiyar wajen kilomita 250, amma sai da muka shafe awa shida saboda manyan motoci da aikin hanya. Daga Nsawam ƙasa ta fara sauya riga. Ayaba, rogo, kwakwar manja, sannan gonakin koko a ƙarƙashin inuwa, jefi-jefi kuma wani dogon itace tsaye shi kaɗai a tsakiyar gona, ya fi komai tsawo ninki uku, alamar da can 'yan'uwansa sun cika wurin. A Anyinam muka haye kogin Birim. Launinsa kamar kunun kanwa. Na kusa da ni ya ce galamse ke nan, masu haƙar zinariya ta bayan fage sun dama shi. Duwatsun Kwahu suka tsaya mana a dama wajen Nkawkaw, hazo ya rufe kawunansu, muka bi ta Konongo da Ejisu muka shiga Kumasi da la'asar sakaliya.

Taubashina ya tare ni a tasha, ya cusa ni cikin keke mai ƙafa uku da su suke kira pragya, muka nufi unguwar Aboabo. Kawu na zaune a kan buzu a ƙofar gida. Da na durƙusa ya riƙe kaina da hannu biyu ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Goshin uwarka ne." Sana'arsa goro, ita ya gada. Ya ce kakanninmu da jakuna suke tasowa daga ƙasar Hausa, wata da watanni a hanya, su kawo kanwa da tufafi da fata su koma da goro, kuma da can a Salaga ake tsayawa, ƙasar Gwanja, sai daga baya zango ya kafu a cikin Kumasi kanta. Mutanen Asante har yau Tonawa yake ce musu. Biki ya yi kyau, an ɗaura aure, an ci tuwon zafi da miyar ayoyo, an yi kwana uku ana kiɗa har kunnena ya gaji.

Daren da baƙi suka watse muna zaune a tsakar gida, sai ga tsaka ta fito kusa da ƙwan lantarki tana harin ƙwari. Kafin in buɗe baki matar Kawu ta cire silifa. Ta kai mata duka ta kuskure, tsakar ta yar da wutsiya ta shige bayan allon mita, wutsiyar ta rage a ƙasa tana ta mutsu-mutsu. Taubashina ya ce, "Mma, a gaban Malam Tsaka za ki kashe masa ɗalibi?" Nan zance ya tashi. Kawu ya kawo hadisin da ya yi umarni da kashe ta, da labarin hura wutar Annabi Ibrahim, na ce wannan fagen malamai ne, ban isa in sa baki ba. Amma da Mma ta ce in ta faɗa a abinci ko ta lashi mutum kuturta ce, nan kam na ce a'a. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tsaka ba ta da dafi. Ƙazanta ce dai a rufe abinci saboda ita, kamar yadda ake rufewa saboda ƙuda. Mma ta ce, "To, boko ya faɗa." Ba ta yarda ba, ni ma ban sa ran za ta yarda ba.

Washegari muka kama hanyar gandun dajin Bobiri. Ana komawa ne ta hanyar Akra, a wuce Fumesua inda cibiyar binciken gandun daji ta ƙasar take, wadda ke kula da wurin, a wuce Ejisu garin Yaa Asantewaa da ta ja Tonawa yaƙi da Ingilishi a 1900, a sauka a Kubease, kilomita 30 da 'yan kai daga Kumasi. Daga nan babur ya ɗauke mu ta jar hanya mai santsi. Gandun ya kai murabba'in kilomita 54, kuma an fi saninsa da malam-buɗe-littafi, iri wajen 400. Akwai masauki mai sauƙin kuɗi a bakin kurmin, muka kama ɗaki na kwana biyu.

Kafin mu shiga, a wata gona da ke gefen hanya, jagoranmu ya nuna mini wani itace mai duhun ganye ya tambaya ko na san shi. Na ce a'a. Ya tsinko wani kwanso mai gurzuna-gurzuna ya fasa, sai ga goro kwance a jere cikin farar riga. Shekarata arba'in da wani abu ina ganin goro a faranti, a ɗaurin aure, a suna, a bakin tsofaffi, ban taɓa ganin uwarsa ba. Itacen kurmi ne, yana son inuwa da laima, ba ya yi a wurinmu. Da yana yi a Zariya da ba abin da zai kawo kakana nan.

Cikin kurmin kuwa rana ba ta isa ƙasa. Jagoran, dattijo ne Batone mai ƙaramin jiki da adda a hannu, yana kiran sunayen itatuwa taubashina na juya mini: odum, wanda muke ce wa loko, da wawa, da onyina. Da muka iso gindin onyina na yi dariya, don rimi ne. Mu da muke da Rimin Tsiwa da Rimin Doko a Zariya ai ba za a nuna mana rimi ba. Sai dai wannan ya ninka namu. Saiwoyinsa sun taso daga ƙasa kamar katangu, sun fi ni tsawo, tsakanin kowace biyu akwai lungu da mutum uku za su shimfiɗa tabarma. Dattijon ya buga lungun da adda ya ce, in dare ya yi nan za mu dawo. A hanyar komawa ya nuna mini wata 'yar mitsitsiyar tsaka a jikin reshe, ba ta kai ɗan yatsana ba, tana yawo da rana tsaka. Irin waɗannan har a ƙarshen wutsiyarsu akwai abin manne wa itace. Ban samu hotonta ba, ta zagaya bayan reshen kamar mai wasan ɓuya.

Daren farko wahala muka sha. An yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi, kukan gyare da kwaɗi ya cika kunne har ba ka jin na kusa da kai. Muka duba gindi bakwai ko takwas, ba komai sai gizo-gizo da wani katantanwa mai girman dunƙulen hannu. Ina haska sama ban duba ƙasa ba, sai na ji dattijon ya daka tsawa. Ashe a tsakiyar layin kwarkwasa na tsaya. Kafin in yi tsalle sun kai cinya. Wanda bai taɓa haɗuwa da kwarkwasar kurmi ba ba zai gane ba: ba sa cizo sai sun hau sun rarrabu, sannan su kama gaba ɗaya kamar an ba su umarni. A nan cikin duhu, gaban dattijon da ban sani ba, na tuɓe wando ina tsinke su ɗaya-ɗaya, wasu kan ya rage a fata. Taubashina ya riƙe mini tocila, hannunsa na rawa don dariya. Ya ce da ya san haka neman ilmi yake da ya gayyato mutanen Aboabo kallo.

Dare na biyu na cusa ƙafar wando cikin safa. Ba a yi ruwa ba. Wajen ƙarfe tara muka koma rimin nan na farko, dattijon ya rage hasken tocilarsa da yatsu, ya bi lungun saiwa a hankali daga ƙasa zuwa sama, sai ya tsaya cak. Tana nan daidai ƙirjina, kanta a ƙasa, a bakin wata tsaga.

Ta fi tsakar gida girma nesa ba kusa ba, da wutsiya ta kusa tsawon tafin hannuna har yatsu. Jikinta sumul, ba irin ƙurajen nan na ta bango. Launinta ƙasa-ƙasa mai ɗan shuɗi-shuɗin ja, ga faffaɗan zane masu duhu sun gitta bayanta, kowanne da siririn fari a gefensa kamar an bi shi da alli, wani kuma ya zagayo ƙeya daga ido zuwa ido. Wutsiyar zobe-zobe. Idon babba, ƙwayar a tsaye kamar ta kyanwa, ta tsuke saboda haske. Ba ta da fatar ido da za ta ƙifta, muna kallo ta zaro harshe ta share ido ɗaya. Na matsa har ina ganin maƙogwaronta na bugawa. Yatsun a baje suke, ƙarƙashin kowanne faifai-faifai ne a jere an raba su biyu, daga nan ma sunan danginsu na kimiyya ya fito, Hemidactylus, mai rabin yatsa. Ba danƙo ba ne ke riƙe ta. Gashi ne ƙanana da ido ba ya gani, dubbai a kan dubbai, suke kama jikin abu. Na ɗauki hoto huɗu, a na biyar ta shige tsagar, ba gudu ba, kamar wadda ta gaji da baƙi.

Muka zauna a kan wani kututture, taubashina ya ce, "To Malam, duk wannan tafiya don wannan? Ba ta zuwa Zariya ne?" Na ce ko Akra ba wurinta ba ne. Tana son laima, da tsohon itace mai kogo ko tsaga da za ta wuni a ciki, ta saka ƙwanta biyu, da dare ta fito farautar ƙwari. Dattijon ya ƙara da cewa yakan gan ta a bangon ɗakunan da ke bakin kurmi, amma da an yi nisa da manyan itatuwa shi ke nan. Wani masani a Landan, John Edward Gray, shi ya sa mata suna Hemidactylus fasciatus a 1842, kuma an daɗe ana ɗaukar cewa iri ɗaya ce tun daga Gini har Kwango. Da aka bincika ƙwayoyin gadonsu sai aka ga ba haka ba ne, a 2014 aka raba su. Wadda muka gani ita ce ta kurmin yamma, su Laberiya da Kodebuwa da wannan ɓangare na Gana. A tsaunukan iyakar Gana da Togo, hayin Volta, akwai wata daban da aka sa wa sunan gandun Kyabobo. Ta kudu maso gabashin Najeriya da makwabtanta a Kamaru an sa mata sunan masanin Najeriya Edem Eniang. In ka haye kogin Sanaga ka yi kudu zuwa Gabon wata ce kuma, tsibirin Bioko ma da tasa. A ido kusan duk ɗaya suke. Kogi da fili ne suka raba su, kurmi ya sha ja da baya ya bar kowace a nata tsibirin itatuwa, har zuri'a ta rabu. Filin da na ratsa cikin awa biyu ina ƙorafin zafi, ita a wurinta teku ne.

Dattijon bai damu da sunayen ba. Ya ce shi abin da ya sani, yana yaro kurmi ya kai har bayan gidansu, yanzu sai ya hau babur kafin ya iso shi. Koko ya ci wani, masu katako sun ci wani, ga masu zinariya. Ni kuwa na tuna itatuwan nan da na gani tsaye su kaɗai a gonaki a hanya, na yi ta tunanin ko akwai mai zane a jikin wani daga cikinsu, ba gaba ba baya.

Da muka koma Aboabo na nuna wa Kawu hoton, na kuma ba shi labarin 'yar'uwarta ta bango, wadda ita ba ruwanta da iyaka: irinta sun bi jiragen ruwa daga Afirka har Brazil da tsibiran Karebiyan, yanzu har Florida ta Amurka akwai su. Kawu ya gyara zama ya ce, "Wannan ai Bahaushiya ce. Inda duk aka sami bango da fitila ta kafa zango." Ya sake duban ta kurmin ya ce, "Wannan kuwa Batoniya ce, ga ma zanen kente a bayanta." Mma ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce kyau dai akwai kyau, amma kada ta kuskura ta shigo mata ɗaki.

Ranar tafiya Kawu ya ɗaure mini ƙaramin huhun goro, fari da ja, ya ce in riƙa yayyafa wa ganyen ruwa, kada in bari iskar filin Ankara ta busar da shi. Haka na yi ta yi da robar ruwa a cinya har Legas. A iyakar da aka karɓi sefa 2,000 wannan karon ba a nemi komai ba, fasfon ya tsufa.

Inna ta kwance huhun da kanta, ta zaɓi fari ɗaya ta ɓare, ta daɗe tana taunawa ba ta yi magana ba. Ta tambayi gidan, ta tambayi ko masallacin ƙofar gidan na nan, ta sa na nuna mata hoton wanta sau uku. Ina wuce hotuna sai ga tsakar ta cika fuskar waya. Ta ja da baya ta ce, "A'uzubillahi, wannan kuma a gidan Yaya take?" Na ce a'a, a daji take, sai da na kwana biyu kafin in same ta. Ta dube ni, ta dubi tabon kwarkwasa a ƙwaurina, ta ce in mayar mata da hoton amarya.